Yadda Ake Tsara Gadon Kayan da Ba Su Rabuwa, da Kazar da Za a Ci Ranar Taro

A gidajen Maradi da yawa, musamman tsofaffin unguwanni irin su Limanci da Bagalam, rigimar gado ba ta cika tasowa a kan kuɗi ba, domin kuɗi ana ƙidaya su a raba. Inda ake samun saɓani shi ne a kan takobin kaka, da sirdin doki, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa, da takardun ajami, da bindigar gargajiya, wato kayan da kowa yake so amma ba a iya tsaga su gida biyu.

Matakin farko shi ne maigida ya rubuta abin da ya mallaka tun yana da lafiya, a gaban shaidu biyu adalai. Ya kamata rubutun ya bambanta abin da yake nasa da abin da yake amana a hannunsa, domin sau da yawa rawani ko tambari na zuriya ne ko na sarauta, kuma irin wannan ba ya shiga rabo. A rubuta har da abubuwan da ido ba ya gani: jajayen awakin da aka ba wani kiwo a ƙauye, da gonar da aka karɓa jingina a bakin Gulbi, da zubin adashi, da kuɗin da suke cikin wayar salula.

Mataki na biyu shi ne ya yanke shawara a kan kowane abu. Idan yana so wani ɗa ya samu littattafansa saboda shi ne ya yi karatu, wasiyya ba za ta yi ba, domin shari'a ta hana yin wasiyya ga magaji sai idan sauran magada sun yarda. Hanyar ita ce kyauta, kuma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe tun mai bayarwa yana raye. Wannan sharaɗin shi ne mutane suka fi sakaci da shi: uba ya ce "na ba ka" amma takobin yana rataye a ɗakinsa har ya rasu, sai ya koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ga wanda ba magaji ba, kamar almajiri ko jikan da baffansa ya kange shi daga cin gado, ana iya yin wasiyya muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba. Littattafai kuma, a ganina, wakafi ya fi dacewa da su, a ajiye su a makaranta ko masallaci inda za a karanta.

Bayan rasuwa akwai jeri wanda ba a tsallakewa: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan rabo bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Kafin malami ya fitar da tumunin mata (ɗaya bisa takwas) da sudusin iyaye (ɗaya bisa shida), dole a yi wa kowane abu kima, kuma mai yin kimar ya zama masani wanda ba shi da rabo a ciki, maƙeri ga takobi, baduku ga sirdi. Wanda ya ɗauki abin sai a cire kimarsa daga kasonsa, ko ya biya sauran. Idan biyu suka nace, a yi ƙuri'a.

Gona da fili a kai takardarsu ga hukumar filaye ta COFO, wadda tsarin dokar karkara na 1993 ya tanada, kuma a sa mai unguwa ya shaida sulhun a rubuce. Bindiga ba a ajiye ta sai da izinin hukuma. Tsofaffin rubuce-rubuce kuma kada a yi gaggawar sayar da su ga dillalai, domin cibiyar bincike ta IRSH a Yamai tana da sashen adana irinsu.

Taron rabo yakan kai dare, kuma mai jin yunwa ba ya sassauci, saboda haka a tanadi abinci mai sauƙi, daga aljihun masu gida, kada a taɓa dukiyar marayu. A yanka kazar gida ɗaya, a wanke, a tafasa ta da albasa da tafarnuwa da citta da gishiri kamar minti 45 har ta yi laushi. A tsame ta a soya sama-sama a man gyaɗa, sannan a soya jajjagen tumatir da tattasai da attarugu a cikin man, a zuba romon, a mayar da naman ya ƙara minti 15 a wuta kaɗan. Ana ci da farar shinkafa ko burodi, kuma kaza ɗaya takan ishi mutum 5 idan romon ya wadata.