Haɗa kaya daga Saudiyya zuwa ƙasar sanyi da ruwa a watannin Maris zuwa Mayu

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo Saudiyya aiki ko karatu ba sa daɗewa sai wata tafiyar ta sake taso musu, a wannan karon zuwa arewacin Turai. Likita zai je Manchesta domin kashi na biyu na jarrabawar PLAB ta neman izinin aikin likita a Birtaniya, ma'aikaciyar jinya za ta je tata jarrabawar, malamin jami'a yana da taro a Dablin ko Oslo, wata kuma za ta je duba ɗanta da ke karatu a Gilasgo. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Maris da Mayu, nan ne ake yawan yin kuskuren haɗa kaya, domin a gida waɗannan watanni su ne ganiyar zafi, a nan ma ma'aunin zafi ya haura digiri 30 a Riyad da Jidda, a Makka kuwa yana dosar 40, don haka jiki ba ya yarda cewa akwai inda ake rawar ɗari. A daidai lokacin, zafin rana a Edinbura cikin Afrilu bai cika wuce digiri 12 ba, da dare kuma yakan sauka zuwa 3 ko 4.

Abin da nake so sabon matafiyi ya riƙe tun farko shi ne, sanyin da muka sani da wanda zai tarar ba iri ɗaya ba ne. Hunturun Kano da Zinder busasshe ne, haka ma sanyin Janairu a Riyad ko Tabuk, kuma maganin busasshen sanyi shi ne tufa mai kauri. Sanyin Birtaniya da Ailan da gaɓar Norwe jiƙaƙƙe ne, yana tafe da iska da yayyafi. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara, kimanin milimita 600, bai kai na Kano ba, sai dai na Kano yana zuba ne da ƙarfi cikin 'yan watannin damina ya wuce, na can kuwa ya watsu a duk tsawon shekara, kaɗan-kaɗan, ba ya faɗin ranar zuwansa. Gilasgo tana samun sama da milimita 1,000, Bergen ta Norwe kuwa sama da 2,000. Ana iya wayar gari da rana, a yi yayyafi da hantsi, ƙanƙara ta ɗan zubo da azahar, rana ta sake fitowa da la'asar. Wanda tufarsa ta jiƙe a digiri 10 kuma iska ta buge shi ya fi wanda yake a bushe a digiri 2 shan wahala.

Saboda haka farwa, doguwar rigar sanyin nan mai kauri wadda muke gani a kafaɗar mutanen Najadu cikin hunturu kuma da yawanmu muka saya, ba kayan wannan tafiya ba ce. Tana cinye rabin akwati, idan ta sha ruwa nauyinta yana ninkuwa, kuma za a iya gama tafiyar ba ta bushe ba. Abin da ke aiki shi ne tufafi marasa nauyi da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. A jikin fata a sa 'yar ciki mai dogon hannu da dogon wandon ciki masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba. A guji na auduga a wannan matsayi, domin auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ta mayar da shi sanyi a bayan mutum. A kan wannan a ɗora riga ta yau da kullum, sannan suwaita. Hikimar jerawar ita ce gidaje da jiragen ƙasa da shaguna da ɗakunan jarrabawa duka ana ɗumama su, har wani lokaci su yi zafi, kuma mai riga ɗaya tilo mai kauri ba shi da zaɓi sai ko ya yi gumi a ciki ko ya yi ɗari a waje, alhali mai hawa uku yana cire ɗaya ya zauna lafiya.

Rigar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta can waje, wato rigar ruwa mai hula a haɗe, kuma a nan ne nake ganin ya dace a kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba. Ba kowace jaket mai sheƙi ce ke hana ruwa ba, wasu yayyafin minti goma kawai suke iya jurewa. Kafin ka biya, ɗan'uwa, juya rigar ka duba cikinta: ta kirki za ka ga an bi kowane ɗinki da wani siririn tef an liƙe shi, domin ta ramukan allura ruwa yake fara shiga. Ka duba zif ɗin ko yana da marufi, ka duba hular ko tana da igiyar tsukewa, domin hular da ba ta tsukewa iska ce za ta riƙa cire maka ita. Wasu kamfanoni suna rubuta ƙarfin hana ruwa a jikin takardar rigar da lissafin milimita, kuma daga 5,000 zuwa 10,000 ya wadatar wa mai yawo cikin gari. Ka gwada ta a kan suwaita, ka ɗaga hannuwanka sama ka ga ko ta matse, kuma ka fifita wadda ta sauko ta rufe cinya. Laima tana da amfani a ranar da babu iska, amma a Edinbura ko Dablin iska takan juya ta ta karya ƙarafunanta, don haka kada ka dogara da ita.

Wurin saye yana buƙatar ɗan tunani. Shagunan Saudiyya sukan kwashe kayan sanyi daga kan kanta da zarar hunturu ya juya baya, saboda haka wanda ya san da tafiyarsa tun Fabrairu ya yi amfani da rangwamen ƙarshen sanyi. Shagunan kayan wasanni da na kayan fita daji sun fi shagunan ƙawa samun rigar ruwa ta gaskiya. Mai ƙaramin ƙarfi yakan dace da suwaita mai kyau a kasuwannin Bat'ha ko Haraj bin Ƙasim a Riyad, ko Haraj Sawarikh a Jidda, amma rigar ruwa ta gwanjo sai an duba ta da kyau, domin tef ɗin cikinta yana ɓanɓarewa idan ta tsufa. Wanda bai samu ba kada ya damu, irin waɗannan kaya sun fi yawa a can, kuma akwai shagunan ƙungiyoyin agaji da ke sayar da na hannu da araha a kusan kowace unguwa. Sharaɗin kawai shi ne ya sauka daga jirgi da abin da zai kai shi masauki lafiya. Jirgin da ya tashi kai tsaye daga Jidda yana isa Landan cikin kamar awa shida da rabi, kuma mutum yakan shiga da jallabiya yana fifita, ya fito cikin iska mai ratsa ƙashi. Suwaita da rigar ruwa da safa su kasance a jakar hannu, kada a jefa su cikin babban akwati wanda zai iya makara ko ya ɓata hanya.

Sai takalmi, wanda shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa. Mun saba da silifa da takalmi buɗaɗɗe, kuma a nan mota ce ke ɗaukar mu daga ƙofa zuwa ƙofa, a can kuwa tafiyar ƙafa ce daga masauki zuwa tasha, daga tasha zuwa inda za a je, a kan daɓe jiƙaƙƙe mai santsi. A nemi sau-ciki na fata ko wani mai hana ruwa, mai ƙasan roba da zane mai kama ƙasa, kuma a fara sa shi tun a nan na kwanaki domin ya saki, kada ya tashi yi wa mutum kanta ranar jarrabawa. Takalmi ƙafa biyu sun fi ɗaya, saboda wanda ya jiƙe yau ba zai bushe gobe da safe ba. A cusa masa tsohuwar jarida a ajiye shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ba a kanta ba. Safar ulu ta fi ta auduga nesa ba kusa ba, kuma a riƙa ajiye busasshiya guda a jaka. Hular sanyi mai rufe kunne da siririyar safar hannu da abin naɗe wuya ba su da nauyi, a Maris da farkon Afrilu kuma ana bukatarsu sosai.

'Yan'uwa mata ba sai sun sauya shigarsu ba, gyara kaɗan ake yi. Doguwar abayar da ke share tayil a Haramin Makka ba tare da ta ɗauki komai ba, a titin Manchesta za ta kwashi ruwa da taɓo, sanyin kuma ya hau har gwiwa. A zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu, mai ɗan kauri da duhun launi, a sa dogon wandon ciki a ƙarƙashinta, a ɗora doguwar rigar ruwa a sama. Hijabi mai santsi da faɗi iska tana wasa da shi, gara mai ɗan nauyi wanda ake cusa bakinsa cikin riga, tare da guda ɗaya busasshe a jaka. Shadda da atamfa da leshi a ɗauki kala ɗaya ko biyu domin Juma'a ko walima, a sa su a kan kayan ɗumi, domin su kaɗai ba sa tare iska. Kada a cika akwati da su da niyyar wankewa, saboda wankin da ke bushewa cikin awa ɗaya a kan bene a Madina yana iya kwana biyu a ɗaki a can yana ɗanye.

Akwai kayan ibada da na tsarki waɗanda mazaunin Saudiyya yake mantawa da su saboda ya saba samunsu ko'ina. Yawancin bayan gida a can takarda kawai ake ajiyewa, babu bututun ruwan tsarki, don haka ƙaramar buta ko gorar roba da ake matsawa tana cikin abubuwan farko da za a sa a jaka. A haɗa da siririyar darduma mai naɗewa da ƙaramin tawul na goge ƙafa, domin mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa yana jawo sanyi da wari. Mai niyyar shafa a kan huffi ya tafi da shi, ya kuma tambayi malaminsa tun a nan, domin a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai sharaɗi ne ya zama na fata, ko da yake za ka ga wasu suna shafa a kan safa. Alƙibla daga Birtaniya tana kudu maso gabas. Lokutan salla suna gudu da sauri a wannan yanayi: a ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa a Edinbura sai bayan tara da rabi na dare, kuma kafin biyar na safe ta fito. Daga tsakiyar Mayu shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya, shi ya sa jadawalin Isha da Asuba yake bambanta daga masallaci zuwa masallaci, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne ka bi na masallacin da ke kusa da masaukinka. A ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura agogo gaba da awa ɗaya, tazarar Makka da Landan ta koma awa biyu maimakon uku. Wanda jirginsa ko jarrabawarsa ta faɗo a wannan mako ya lura.

Maganar lafiya ina yin ta da babbar murya saboda masu ciwon sikila, waɗanda suke da yawa a cikinmu. Sanyi da jiƙewa da ƙarancin shan ruwa suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma a ƙasar sanyi ƙishirwa ba ta damun mutum balle ya tuna da sha. Mai wannan lalura, da mai asma, ya ga likitansa kafin tafiya, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙarin 'yan kwanaki, a cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, tare da takardar likita da Turanci, musamman idan maganin yana cikin masu ƙarfi da doka ta sa wa ido. Afrilu da Mayu kuma lokacin furen itatuwa ne, ƙurarsa tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayin ido ko da ba su taɓa yi ba. Man kaɗe yana maganin bushewar fata da tsagewar leɓe da ɗumin ɗaki ke jawowa, sai dai shi da turaren ruwa babban akwati ne wurinsu, domin filayen jirgi da yawa ba sa barin abin ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu.

Game da guzuri, doka a fili take: Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama ko kayan madara. Kilishi da dambun nama da man shanu duka sun shiga ciki, kuma idan jami'an kwastan suka gani za su ƙwace, wataƙila har da tara. Dabino kuwa an yarda da shi, ga shi tsaraba ce da kowa yake murna da ita daga Madina. Filogin Saudiyya mai ƙafa uku shi ne na Birtaniya da Ailan, amma Norwe da Jamus da Holan mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, sai an tafi da mahaɗi. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, don haka ka tabbatar katin bankinka yana aiki a waje, ka kuma bar layinka na Saudiyya a buɗe, domin ta nan lambobin sirri na banki da na Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, suke shigowa.

Takardu su ne ƙarshen abin da ake sa wa a jaka, amma tun farko ake fara neman su. Bizar Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya ko Nijar Jamhuriyar Ailan, ba ta kuma shigar da shi Norwe, wadda take cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya. Ta ɓangaren nan, bizar fita da dawowa tana rataye ne da wa'adin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, saboda haka ka duba ranar ƙarewar kowacce a Absher, ka roƙi wurin aikinka su ba ka ƙarin kwanaki a kan ranar da ka shirya dawowa, ko da jirgi zai sami tsaiko ko a ɗage jarrabawa. Ka buga kofen biza da adireshin masauki da tikitin dawowa a takarda, ka sa su cikin leda mai zif a aljihun ciki na rigar ruwanka, domin waya takan mutu da wuri a cikin sanyi, takarda kuma ba ta jure yayyafi.