Yadda ake karɓar matar da aka yi wa fyaɗe ko duka a ƙaramin asibiti

Da ke nake, sabuwar ma'aikaciyar lafiya da aka turo Daura ko Zango ko Mai'adua ko Sandamu. Wanke ciwo da ɗinki an koya miki a makaranta, ba zan maimaita ba. Inda nake ganin sababbi suna tuntuɓe shi ne minti goman farko.

Kafin komai, ki raba ta da wanda ya rako ta. A nan da wuya mace ta zo asibiti ita kaɗai: ko miji, ko uwar miji, ko gwaggo. Sai ki ga an tambaye ta abin da ya same ta, mijin ya riga ta: "Santsi ya kwashe ta a bakin rijiya." Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, ga shatin yatsu a wuyanta. Sabuwar ma'aikaciya ta rubuta "faɗuwa", ta ba da maganin ciwon jiki, a tafi. Da sa hannun asibiti aka mayar da ita inda ta fito.

Kada ki kore shi da faɗa, ita za ta biya in sun koma gida. Ki ba shi aiki: "Malam, a je a yanko kati." Ga dattijuwa kuma: "Inna, a ɗan ba mu wuri, awon mata za mu yi." Ni a wurina doka ce, duk macen da ta shigo sai na gan ta ita kaɗai, ko zazzaɓi ya kawo ta, don kada wani ya ce me ya sa sai tasa. Labule kuma ba ya tare murya. In ɗakin babu ƙofa, ki ce za a gwada fitsari, ku fita tare.

Sai ki zauna, ki ajiye biro, ki ce, "'Yar'uwa, akwai wanda ya taɓa ki?" Ki bar ta ta yi shirunta. Banda "me ya kai ki can?", banda "don me ba ki yi ihu ba?" Banda "ki yi haƙuri, zaman aure ke nan", wannan ta sha ji a gida. Abin da ba ta taɓa ji ba shi ne "ba laifinki ba ne". Ki tambaye ta ko tana tsoron komawa, ko an taɓa shaƙe ta. Wadda aka shaƙe tana cikin haɗarin kisa, ko da ba ki ga jini ba. In ƙaramar yarinya ce, ki gaya mata tun farko cewa ba za ki iya rufe maganar gaba ɗaya ba.

In fyaɗe ne, tambayar da ta fi gaggawa ita ce yaushe ya faru. Maganin kariya daga ƙanjamau, wanda muke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma kullum ƙarfinsa raguwa yake. Saboda haka kada ki ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili. In babu PEP a wurinku, ki tura ta Babban Asibitin Daura ko Katsina a ranar, ki buga waya kafin ta isa. Sau da yawa kuɗin mota ne ke hana zuwan, ki tambaya a fili ko suna da shi.

Wajen dubawa, ki nemi izininta a kowane mataki, in ta ce a tsaya a tsaya. Dangi za su ce a duba ko budurcinta na nan. Ki ƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2018 cewa wannan gwajin ba shi da tushe a likitanci. Ki rubuta labarin da kalmominta, ki faɗi girman kowane ciwo da inda yake. Kada ki rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi ba", wannan aikin kotu ne, kuma rashin rauni ba ya ƙaryata ta. Tufafinta a sa a ambulan ɗin takarda, leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida.

Saura kuma kin san su: gwajin ƙanjamau da na ciki, maganin cututtukan sanyi, allurar tetanus in akwai yanka, rigakafin ciwon hanta. Kai ƙara zaɓin babbar mace ne, ki dai faɗa mata inda ake kaiwa. Ki sa mata ranar dawowa cikin mako biyu, a katin da za ta tafi da shi kuma ki rubuta "wankin ciwo" kawai, don ba ki san hannun da zai faɗa ba.