Yadda za ka gane ƙarfen likkafa na tsohuwar Ingila idan ka tono shi

Ranar da na fara tono irinsa a wata gona da aka yi wa huɗa a Norfolk, gabashin Ingila, na ɗauka guntun maƙallin akwati ne. Ashe masana ma sun daɗe suna cewa adon bangon littafi ne. A 1997 wani masanin kayan tarihi, David Williams, ya tattara su, ya kasa su rukuni A, B da C, aka tsaya a kan cewa ƙarfe ne da ake maƙalawa inda fatar likkafa ta naɗe, don kada ta cinye. Yawancinsu na ƙarni na 11 ne, tun zamanin Sarki Kanut da ya mulki Ingila daga 1016 zuwa 1035.

Fara da juya shi. Tagulla ce, tsayinta bai kai yatsa ba, kuma gindinta ya lanƙwashe baya kamar ɗan leɓe. Wannan leɓen shi ne babbar shaida. Sai ka duba huda: rukunin A mai kusurwa uku ne, huda ɗaya a sama, galibi biyu a ƙasa. Idan ka ga jar tsatsa ta toshe hudar, ragowar ƙusar ƙarfe ce, ka bar ta. Ita likkafar baƙin ƙarfe ce, shi ya sa ƙasa ta cinye ta, tagullar ta rage. A fuskar za ka ga zaki ya ɗaga kai, ko dabbobi sun sarƙe da juna irin zanen mutanen Sikandinabiya. Haska tocila daga gefe, zanen zai fito.

Kada ka goge. Ni na jiƙa nawa na farko da ruwan tsami, koren saman tagullar da ya shekara kusan dubu ya tafi da rabin fuskar zakin, har yau abin na ci mini rai. Busasshen buroshi mai laushi ya isa, sai jakar leda mai 'yan huji, a wuri marar danshi.

Kafin ka bar gonar, ɗauki lambar taswirar wurin da ka tono shi a waya. Izinin mai gona kuwa tun kafin ka kunna na'urar gano ƙarfe ake nemansa. Daga nan ka kai wa jami'in Portable Antiquities Scheme (shirin yin rajistar kayan tarihi da mutane ke tsinta) na yankinka, zai auna shi, ya ɗauki hoto, ya shigar da shi rajista, ya mayar maka da abinka.