Nocturne na biyu na Chopin: wuraren da masu koyon piyano ke ɓata shi

Duk ɗalibin da yatsunsa suka fara sakewa a kan piyano, kiɗan da yake fara kawo mini shi ne Nocturne (wato kiɗan dare mai sanyi) na biyu a cikin Opus 9, jerin kiɗa mai lamba 9 na Chopin, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland. Gani suke yi gajere ne, gida 34 kacal a takarda (gida shi ne ɗan yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a rubutun kiɗa), kuma ba gudu a cikinsa. Na gaji da jin ɓarna iri ɗaya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne na hannun hagu. Kowane gida bugu 12 ne, an kasa su uku-uku: sauti ɗaya mai kauri a ƙasa, sai haɗin sautuka biyu su biyo shi. Haka hagu ke tafiya kusan daga farko har ƙarshe. To yaro ya ji an ce akwai wani abu wai shi rubato, wato jan lokaci da sakinsa, sai ya ɗauka izini aka ba shi ya yi ta layi kamar wanda ya sha ya bugu. Dama ta tsaya, hagu ta tsaya jiranta. Dama ta ruga, hagu ta bi ta a guje. Ina dalili? Ɗaliban Chopin da kansu sun ba da labarin cewa a wurinsa hagu ce mai riƙe lokaci, dama ce kawai ke da 'yancin yin gaba ko baya, kuma metronom, na'urar nan mai ƙirga bugu, ba ya rabuwa da piyanonsa. Ni kaina na shekara biyu ina wannan layin ina jin daɗin kaina, har ranar da na ɗauki sautina a waya na saurara. Wallahi ban kai rabi ba na kashe don kunya.

Maganin da nake sha, kuma nake ɗura wa ɗalibai, daga Wilhelm von Lenz na samo shi, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a hannun Chopin: a raba aikin hagu tsakanin hannu biyu, hagu ta buga na ƙasa, dama ta ɗauki haɗin nan biyu a hankali kamar ana kaɗa jita. Ni na ƙara nawa: mako guda cur ba ka taɓa waƙar da hannun dama ke bugawa da yatsa, da baki za ka rera ta. Wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Feda kuwa, wadda ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, canza ta duk lokacin da sautin ƙasa ya canza, ka daina dama mana kunu. Kuma kada babban yatsan hagu ya danne waƙar.

Kuskure na biyu, na hadda, shi ya taɓa kunyata ni a gaban jama'a. Ginin kiɗan nan mai sauƙi ne: jigo, wato ainihin waƙar, mai gida huɗu, a maimaita shi, sai wani sashe na daban daga gida na 9 zuwa 12, jigo ya dawo a na 13, sashen nan ya sake zuwa, jigo ya dawo karo na huɗu a na 21, sai rufewa daga na 25. Jigon sau huɗu ke nan, amma kowane zuwa da adonsa, wato ƙananan sautukan da ake ƙawata shi da su, kowanne ya fi wanda ya gabace shi kwalliya. Ni kuwa da yatsu na haddace, ban haddace da kai ba. A wani ƙaramin taro, ina cikin dawowa ta huɗu sai yatsuna suka zame cikin adon ta uku, wadda ke kai mutum ga sashe na biyu. Na bi. Na sake dawowa, na sake zamewa. Zufa na bin bayana, ina jin wani dattijo a layin gaba yana ta gyaran murya, ni kuma ina zagaye kamar jakin da ya ɓace wa gida. Da ƙyar na faɗa rufewar.

Tun ran nan, sai in rubuta jigon huɗu ɗaya ƙarƙashin ɗaya a takarda guda, in sa jan biro a duk inda suka rabu. Kuma kai ɗalibi, in ka zuba duk zaƙin da kake da shi a zuwan farko, me za ka ba mu a na huɗu? Ƙarfin gaske yana can kusa da ƙarshe, wajen gida na 32, inda Chopin ya rubuta senza tempo, wato ba ƙirgen lokaci, dama ta yi ta juya sautuka huɗu a sama ita kaɗai, sannan komai ya lafa a hankali.

Masu cewa Chopin ne ya ƙirƙiro nocturne ma su gyara. John Field, mutumin Ireland da ya zauna a Rasha, shi ya riga shi, kuma wannan kiɗan na cikin waɗanda suka fi kama da nasa. Abin da Chopin ya ƙara, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ne ado irin na mawaƙan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na Italiya, har yakan rubuta wa ɗalibansa wasu sababbin adon a takardunsu.  Don haka kafin ka taɓa adon gida na 16 ko na 24, nemi wata mawaƙiya tana rera waƙar Bellini, mai tsara opera ɗan Italiya, ka lura da inda take jan numfashi, ka sa fensir ka yi alama a daidai irin wurin a takardarka.