Yadda mai ƙiba zai motsa jiki ba tare da yunwa ta rama ba

Masu farawa da yawa a nan Kano hanya ɗaya suke faɗuwa. Mutum ya fito bayan sallar asuba, ya zagaya filin sukuwa a hankali yana hira a waya, a hanyar gida kuma ya tsaya wajen mai shayi a soya masa Indomie da ƙwai biyu. Mai nauyin kilo 100 da ya taka kilomita 3, abin da ya ƙona bai wuce kalori 250 ba, alhali lemon kwalba na 50cl kaɗai ya haura 200. Wata uku ana abu ɗaya, tumbi bai motsa ba, sai a ce atisaye ba ya aiki.

Gyaran yana cikin ƙarfin motsin. Akwai sinadarin girelin da ciki ke fitarwa, shi ke taso da yunwa. Tafiyar hankali kusan ba ta taɓa shi. Motsin da ya kai ka ga haki shi ke danne shi na ɗan lokaci, ya kuma ɗaga PYY da GLP-1, sinadaran hanji masu sa a ji an ƙoshi. GLP-1 ɗin nan shi allurar Ozempic mai tsada, ta masu ciwon suga da rage ƙiba, ke kwaikwayo. Amma dannewar gajera ce, minti 30 zuwa awa guda, yunwa ta dawo.

Mataki na farko, a auna maka hawan jini da suga. Mai shan maganin suga glibenclamide ko mai allurar insulin kada ya fita bai ci komai ba sai ya yi magana da likita, don sugansa na iya faɗuwa.

Na biyu, san lambarka. Cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarka a minti. Ɗan shekara 40 zai samu 180, motsi mai ƙarfi a gare shi yana farawa daga bugun zuciya kusan 140 a minti. Ba sai ka sayi agogon hannu ba: ɗora yatsu biyu a wuya, ƙirga na daƙiƙa 15, ninka sau 4. Mai shan maganin hawan jini atenolol ya bar lissafin nan, maganin na rage bugun. Ya gwada da baki: in yana iya kawo jimla cikakkiya bai kai ba, in kalma uku ko huɗu ce sai ya ja numfashi, ya kai.

Na uku, tsarin kansa. Minti 5 tafiyar ɗumama jiki, sannan minti 1 da sauri har haki, minti 2 a hankali, sau 5. Mai ƙiba kada ya fara da gudu a kan kwalta, gwiwa ce za ta biya. Keke ko tafiya da sauri a hanya mai tudu sun fi. Dutsen Dala a bar shi sai bayan wata biyu, saukowar ta fi hawan cin gwiwa. Kwana 3 a mako, ba a jere ba.

Na huɗu shi ne inda ake ɓarar da komai. Ka gama, ba ka jin yunwa, sai ka yi murna ka tsallake karin kumallo ka wuce kasuwa. Ƙarfe sha ɗaya yunwa ta taso da ƙarfinta, abin da ido ya fara gani shi za a ci: fanke, gurasa, fura da suga cokali huɗu. Saboda haka a tanadi abincin tun daren jiya, a ci shi cikin awar nan da ciki yake kwance, lokacin da kaɗan ke isa. Alale biyu da dafaffen ƙwai, ko wake da ɗan mai, ko kindirmo ba suga. Kafin loma ta farko sha ledar ruwa ɗaya, musamman a zafin Afrilu. Kada ka fita da kuɗi a aljihu, kuma ka canza hanyar komawa in mai ƙosai na kan hanyar.

Sauran kwanakin a cike da tafiya, har a haɗa minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Duk sati biyu ƙara zagaye ɗaya a kan biyar ɗin nan na sauri da hankali. Ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya nan take a nufi asibiti. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi nasa a cikin gida.