Yadda Ake Neman Takardu Daga Ƙaramar Hukuma Bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai

Tun ranar 28 ga Mayu, 2011, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa Dokar 'Yancin Samun Bayanai hannu, kowa yake da ikon neman takardun da ke hannun hukumomin gwamnati a Najeriya, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. An daɗe ana jayayya a kan ko dokar ta hau kan jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Don haka babu wata daga cikin ƙananan hukumomi 774 da za ta fake da cewa dokar ta Abuja ce kaɗai.

Abu na farko, wanda kuma a nan ne akasarin masu nema suke tuntuɓe, shi ne ka san ainihin takardar da kake so. Wanda ya rubuta cewa yana son "bayanin kuɗin da aka kashe bara" ya ba ma'aikaci damar yi masa amsa a dunƙule. Idan rijiyar burtsatse ce aka haƙa a mazaɓarku ta ƙafe bayan wata biyu, ka ambaci unguwar da shekarar, sannan ka nemi kwafin takardar bayar da kwangilar, da sunan kamfanin da aka ba, da adadin kuɗin da aka amince da shi, da takardun biyan kuɗi daga ofishin ma'aji, da takardar shaidar kammala aiki daga sashen ayyuka.

Ka rubuta wasiƙar zuwa ga shugaban ƙaramar hukumar, ka ambaci sunan dokar a samanta, ka sa kwanan wata da adireshinka da lambar wayarka. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai wata nakasa, doka ta yarda wani ya nema a madadinsa; idan kuma da baki ya nema, wajibi ne jami'in ya rubuta buƙatar ya ba shi kwafi.

Sai ka je sakatariya da kwafi biyu, ka miƙa a ofishin da ake karɓar wasiƙu, kuma kada ka bar wurin sai akawun ya buga wa kwafinka hatimi, ya sa hannu da kwanan wata. A ganina wannan hatimin ya fi komai muhimmanci, domin daga ranar da aka karɓi wasiƙar ake fara lissafin kwanaki, kuma shi ne shaidarka ranar da aka ce ba a ga takardar ba. Kada ka yarda da "bar ta a nan, oga bai shigo ba", kada kuma ka danƙa wa kansila ko masinja don sanayya.

Hukumar tana da kwana 7 ta ba ka takardun ko ta sanar da kai a rubuce dalilin hanawa, tare da sashen dokar da ta dogara da shi. Tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da kai. Kuɗin da za ka biya na kwafi ne kawai, kuma ka karɓi rasit.

Akwai abubuwan da doka ta keɓe, kamar sirrin tsaro, da binciken laifi da ake kan yi, da bayanan da suka shafi rayuwar wani mutum, irin fayil ɗin ma'aikaci. Ko a nan ma, idan wani ɓangare ne kawai na takardar ya faɗa cikin keɓewar, dole a cire shi a ba ka sauran.

Idan wa'adin ya cika ba ka ji komai ba, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, kuma kana da kwana 30 ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya. Wasiƙar tunatarwa tana da amfani, sai dai ba ta tsayar da lissafin kwanakin, don haka ka ga lauya da wuri, da kwafinka mai hatimi a hannu. Jami'i ko hukumar da kotu ta samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba za su biya tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan yana fuskantar ɗaurin shekara ɗaya aƙalla.