Yadda Za Ka Ga Baƙin Kurege A Bayan Gida Ko Cikin Unguwa, Har Ka Samu Hotonsa

Wannan bayanin na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka da Kanada, musamman ɗalibai da sababbin zuwa, sai kuma na gida da suke ganin hoton a Facebook suna cewa ai haɗi ne, an shafa masa baƙi ne da waya. Babu wanda ya shafa masa komai, haka Allah ya yi shi, baƙi wuluk tun daga hanci har ƙarshen jela. Kuma dan Allah a ajiye maganar camfi gefe, na san mu da baƙar dabba in ta gifta sai a fara a'uziyya, toh wannan ba aljani ba ne, kurege ne yana neman abin da zai ci.

Da farko ka san me kake nema

Kuregenmu na gida ɗan rami ne, mai farin layi a gefe, wanda ke tone wa manoma gyaɗa. Na can kuma ɗan bishiya ne, a sama yake kwana a sama yake haihuwa, yana da jela buzu-buzu, nauyinsa wajen rabin kilo. Yawancinsu ruwan toka ne da farin ciki, shi baƙin kuma ɗan gidansu ne, nau'insu ɗaya, har ma uwa ɗaya tana iya haifar baƙi da mai ruwan toka a sheƙa ɗaya. Abin da ya jawo shi ne wani ɗan canji a ƙwayar gado da masana ke kira MC1R, sai jikin ya riƙa fitar da sinadarin baƙi da yawa. Wanda ya gaji canjin ta wajen uwa da uba duka shi ne baƙi ƙirin, wanda ya gada ta gefe ɗaya kuma baƙin nasa yana da sirkin ruwan ƙasa. Wani bincike da Helen McRobie ta jami'ar Anglia Ruskin a Ingila ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna alamar cewa canjin ya samo asali ne daga wani babban nau'in kurege na Amurka mai jan ciki, wanda suka yi barbara da shi tun can da.

Sai ka duba ko garinku ma akwai shi

Nan ne mutane ke ɓata wa kansu lokaci, mutum yana Hustan ko Atlanta yana ta leƙen taga. Cibiyarsu yankin manyan tabkuna ne, wato lardin Ontariyo a Kanada da jihar Mishigan da kewayensu. In kana Toronto ma ba sai ka karanta wannan sashen ba, fita kawai ka shiga kowane fak, wato filin shaƙatawa mai bishiyoyi, baƙaƙen ne za su fi tare maka ido har sai ka fara neman mai ruwan tokan.

Wasu garuruwan kuma kawo su aka yi. A Washinton, gidan zu na ƙasa ya karɓi guda 18 daga Ontariyo a shekarun 1902 da 1906, aka sake su, jikokinsu ne yau suke yawo a unguwannin birnin har sun tsallaka Merilan da Bajiniya. A garin Kent na jihar Ohayo kuwa a 1961 aka shigo da guda 10 daga Landan, ba ta Ingila ba fa, wata Landan ce a Ontariyo, mai kula da filayen jami'ar Kent State Larry Wooddell na cikin waɗanda suka kawo su, yanzu sun cika harabar har jami'ar tana yin biki da sunansu duk shekara. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Marysville a jihar Kansas, a 1972 garin ya yi doka ya mayar da baƙin kurege alamarsa, aka ba shi izinin shiga duk filin gwamnatin gari, aka ɗauke masa dokar hanya, sannan shi ke da zaɓin farko a 'ya'yan walnat na garin, wasu 'ya'yan itace masu ɓawo mai tauri. A Council Bluffs ta jihar Ayowa ma dokar gari tana kare su.

'Yan Ingila ku ma kuna da rabo amma ba ko'ina ba, sai arewa da Landan, yankunan Hertfordshire da Bedfordshire da Cambridgeshire, garin Letchworth ya yi suna a kansu, tun 1912 aka fara ganinsu a wannan yankin.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa: ka sauke manhajar iNaturalist, kyauta ce, ka nemo kuregen gabashin Amurka mai ruwan toka (da Turanci Eastern Gray Squirrel), ka buɗe taswira ka matso kan unguwarku ka duba hotunan da mutane suka ɗora. In ka ga baƙaƙe a ciki shikenan, in ba ka ga ko ɗaya ba a duk garin toh ka haƙura sai ka yi tafiya.

Nemo bishiyar, kuregen zai kawo kansa

Sabuwar unguwa da aka share ta fes aka dasa 'yan tsirarun itatuwa ba za ta yi maka ba. Tsohuwar unguwa ake nema mai manyan bishiyoyi da rassansu suka haɗe a sama, ko harabar jami'a, ko fak, ko gefen maƙabarta. Bishiyoyin da suka fi so su ne wadda ake ce wa ok, mai 'yan ƙwallaye masu hula a ka, sai walnat da hikori da mapul.

Ka riƙa kallon ƙasa kafin sama. Ƙarƙashin bishiyar da suke ci za ka ga ɓawo a warwatse an gurgure shi, da 'yan ƙananan ramuka a cikin ciyawa waɗanda zurfinsu bai wuce gaɓar yatsa ba. In ka ɗaga kai kuma ka nemi wani tulin busasshen ganye a inda reshe ya rabu biyu, girmansa kamar ƙwallon ƙafa, wannan ɗakinsa ne, ba sheƙar tsuntsu ba. In ganye ya zube a watan Nuwamba sai ka gansu a fili ɓaro-ɓaro. Sannan duk gidan da suka rataye abincin tsuntsaye a bayan gida, wallahi kurege ya riga tsuntsun sanin wurin.

Lokaci

In ka yi asuba kar ka koma barci, da gari ya waye zuwa hantsi su ma suke fitowa, sai kuma bayan la'asar zuwa kusan magariba. Tsakar rana lokacin zafi suna kwance a reshe. A hunturu abin ya juya, ba sa dogon barcin nan na watanni kamar wasu dabbobin, amma sai rana ta ɗaga suke leƙowa, ranar da iska da dusar ƙanƙara suka yi yawa ma ba za ka gansu ba sam. A shekara kuma Satumba zuwa Nuwamba babu kamarsa, lokacin ɓoyon abinci ne, hankalinsu duk ya tafi kan aiki.

Kuma gaskiya wannan aikin ya cancanci a zauna a kalla. Zai ɗauko ƙwallo ɗaya a baki, ya juya shi da hannuwa biyu yana dubawa, ya ruga can tsakiyar ciyawa ya tona da sauri-sauri, ya cusa shi da hanci ya danna har kafaɗunsa na rawa, ya jawo ƙasa ya rufe, sannan ya daddaɓe wurin ya jawo ganye ya ɗora. In ya lura wani kuregen na kallonsa wani lokaci sai ya yi tonon ƙarya ya rufe ramin babu komai, ƙwallon na bakinsa ya ƙara gaba. Ashe ba a banza tatsuniyoyinmu suka ba dangin nan wayo ba.

Zama da ɗaukar hoto

Ka samu wuri ka zauna, baranda ko bakin taga ko benci, ka daina motsi, waya a hannu tun kafin ya zo dan ɗaga hannun nan kawai ya isa ya kore shi. Kar ka nufe shi kai tsaye. In ya tsaya cak yana kaɗa jela yana wani kuk-kuk-kuk, ya ganka ne yana sanar da sauran, ka tsaya kai ma har ya huce. In kuma ya haye bishiya ya zagaya bayan kututture, duk inda ka bi sai ya koma ɗaya gefen, dabarar ita ce ku zama ku biyu, ɗaya ya tsaya da waya ɗaya ya zagaya, kuregen da kansa zai dawo gaban kyamara.

Baƙar dabba tana da wuyar ɗauka, sau da yawa sai hoto ya fito wani dunƙulen baƙi babu ido babu kunne. Ka sa rana a bayanka, ka taɓa jikin kuregen a fuskar waya dan ta daidaita haske a kansa, in bai isa ba ka ɗan ƙara hasken da yatsa, musamman in yana kan dusar ƙanƙara inda farin ke rinjayar kyamara. Kashe filasha. Kar ka ja zum har ƙarshe hoton zai dagule, gara ka ɗauki bidiyo ka ciro hoto daga ciki. In ta gilashi ne ka goge shi, ka manna wayar a jikinsa.

Da ka samu haske mai kyau ka duba shi sosai, nan za ka gane wanne ka samu. Wani baƙi ne sul yana sheƙi, wani kuma in rana ta ratsa jelarsa sai ka ga ja-ja a bakin gashin, ko cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ka lura da saukowarsa kuma, kai ƙasa yake sauka, ƙafafun baya sun juya baya gaba ɗaya sun maƙale a ɓawon bishiya.

Wata magana da ba wasa ba: bayan gidanka da kan titi da fak kawai. Kar ka bi kurege cikin filin gidan wani, kar ka tsaya kana saita waya wajen tagar mutane. Kai baƙo ne, maƙwabci bai san kurege kake ɗauka ba, zai iya kiran 'yan sanda, a wasu wuraren ma abin ya fi haka muni. In a filin maƙwabci suke taruwa ka gaishe shi ka tambaya, da yawansu za su ji daɗi har su ba ka labarin kuregen.

Ɗora shi inda zai yi amfani

Bayan ka tura wa 'yan gida a WhatsApp, ka ɗora a iNaturalist da rana da wuri. In a gidanka ka ɗauka akwai zaɓin ɓoye ainihin lokeshan, ka danna shi. Kuma ka ɗora masu ruwan tokan ma, wannan ne mutane ke mantawa, kowa baƙin yake ɗauka sai lissafi ya karkace. Akwai wani aiki mai suna SquirrelMapper na masana Bradley Cosentino da James Gibbs a jihar Niyok, da irin hotunan nan na talakawa suka duba birane 43, a 2022 suka fitar da sakamakon cewa baƙaƙen sun fi yawa a cikin gari, suna raguwa in ka fita ƙauye. Tunanin masana shi ne da can lokacin da dazuzzukan suke da duhu kafin a sare su baƙin ya fi yawa, da daji ya yi haske sai shaho da maharba suka fi saurin hango shi, cikin gari kuma ba a farauta. An kuma auna an ga baƙin ya fi riƙe ɗumin jiki a tsananin sanyi, abin da ya dace da yawansu a arewa.

Maganar ba su abinci

Na san hali, da ka ganshi sai ka ji kana son watsa masa gyaɗa. Ni dai shawarata ka bari. A Toronto tun 1 ga Afrilun 2023 doka ta hana ciyar da namun daji ko a cikin gidanka ne, abincin tsuntsaye kawai aka bari, kuma akwai tara. Gidajen haya da yawa ma sun hana a takardar da ka sa hannu. In garinku bai hana ba kuma ka nace, toh banda burodi, banda soyayyar gyaɗa mai gishiri, banda sauran tuwo da shinkafa dan ɓeraye za ka tara, 'yan walnat da ɓawonsu can nesa da gini sun isa. Da hannu kuwa kar ka kuskura, haƙorin da ke fasa walnat yatsa ba komai ba ne a wajensa. Ba a cika samun ciwon haukan kare a jikinsu ba amma suna ɗauke da ƙuma da kaska, in ya cije ka ka wanke da sabulu sosai ka kira likita. Ruwa a faranti mara zurfi ya fi, lokacin zafi zai kawo su ba tare da rigima ba.

A ja wa yara kunne kan jifa da danƙo. Farautar kurege a can sai da lasin da lokacinta da wurinta, cikin unguwa ba a yi.

In ka fara jin gudu-gudu a saman silin da sassafe, ya shiga rufi ke nan, kuma suna gurgurar wayar wuta, ka gaya wa mai gidan a ranar. Kar a toshe ƙofar sai an duba, dan sau biyu suke haihuwa a shekara, ƙarshen hunturu da kuma tsakiyar lokacin zafi, kana iya rufe 'ya'ya a ciki uwar ta fasa wani wurin dan ta kai gare su. In ɗan ƙarami ka tsinta a ƙasa ka sa shi a kwali a gindin bishiyar ka matsa nesa, yawanci uwar tana zuwa ta ɗauke shi, in har yamma ta yi ba ta zo ba ka kira masu lasin kula da namun daji na yankinku, kar ka ba shi madara. Mazauna Ingila kuma dokarku daban ce, can ana lissafa wannan kuregen a baƙon nau'i mai ɓarna, baƙi ne ko ruwan toka, in aka kama shi a tarko laifi ne a sake shi, dan haka kar ka ɗana tarkon da kanka, kira masu aikin.